Zafin Tambuwal, Sanyin Jos

A watan Afrilu, idan bazara ta kankama a Tambuwal da Kebbe, zafi kan haura digiri 40, dare ma ba ya kawo sauƙi. A irin wannan lokaci ne tsofaffin ma'aikata ke tuna Jos, birnin da ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Tun zamanin mulkin mallaka Turawa suka mayar da shi wurin shan iska, har aka gina otal ɗin Hill Station. Kwana uku sun wadatar: mutum ya hau duwatsun Shere da hantsi, ya leƙa gidan tarihin da aka buɗe a 1952, da dare ya lulluɓa da bargo.

Yau fa? Kafin malamin makaranta ya gama lissafin kuɗin mota, sai ya tuna hanyar Gusau zuwa Funtuwa da masu garkuwa da mutane, ya haƙura, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Hutu ba almubazzaranci ba ne, haƙƙin jiki ne. Hukumomin da ke kwaɗaitar da mu yawon buɗe ido, su fara tsare mana hanya.