"A buga mata iska kawai": Ƙaramar sacewar tayar gaba da ake rainawa a hanyar Gwarzo

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Gwarzo ya san yadda direbobi ke sakin mota da zarar sun wuce Janguza. Daga Rimin Gado zuwa Garo ta ƙaramar hukumar Kabo, har a shiga Gwarzo a nufi Dayi ta jihar Katsina, Golf da Sharon da bas-bas ne ke rige-rige kamar masu gasa, kowa na son ya sauke ya juyo kafin yamma. A gefen titin kuwa, da wuya ka wuce gari ba ka ga mai faci ba, da injin buga iskarsa, da rabin duro na ruwa, da tsofaffin tayoyin da ya jera a matsayin alamar wurin aiki.

Cikin ayyukan da ke yawan zuwa musu akwai tayar da ke sacewa a hankali. Da safe a cike take, zuwa azahar ta ɗan kwanta. Direba na sauri, fasinja na ƙorafi, sai ka ji an ce, "Malam, a buga mata iska kawai, in na dawo a duba." Wani lokaci sai a kwashe mako guda ana wannan bugin.

Idan iska ta yi ƙaranci, gefen taya na lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, wannan kuma yana haifar da zafi a cikin robar. Ƙara da gudu, da lodin da ya wuce ƙima, da kwaltar watan Afrilu mai ƙuna, sai zaren da ke cikin tayar ya soma rabuwa da roba har ta fashe. In ta gaba ce, nan take motar ke fizgar sitiyari zuwa ɓangaren da ta fashe, direban da ya razana ya danna birki da ƙarfi kuwa yakan ƙara dagula lamarin. Abin da ake koya wa direbobi shi ne a riƙe sitiyari gam, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar motar ta rage gudu kafin a taɓa birki.

A Amurka akwai wani tseren motoci na miƙaƙƙen layi da ƙungiyar NHRA ke shiryawa tun bayan kafa ta a 1951. Motocin da suka fi sauri a can na cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, gudunsu ya haura kilomita 500 a awa. Tayoyinsu na gaba sirara ne ƙwarai, kuma auna iska kafin a hau layi dole ne. Direbanmu bai kai rabin wannan gudu ba, amma shi mutum ɗaya ne a motar tsere, a Sharon kuwa ana iya samun goma da kayansu.

Mai facin da ya san aikinsa yakan fara da gano inda iskar ke fita. Ya cire tayar ya tsoma a ruwa, ko ya shafa kumfar sabulu ya jira ƙwayoyin iska. Ba kullum ƙusa ba ce. Wani sa'in bawul ne ya gaji, wani sa'in wili ne ya lotse a rami ko ya yi tsatsa a inda bakin taya ke zama, don haka ko an yi faci goma iska ba za ta daina fita ba.

In ƙusa ce a taya marar tub, hanyar da aka fi so ita ce a cusa igiyar roba mai danƙo ta waje, a yanke, a buga iska, cikin minti kaɗan an gama. Tana riƙewa, shi ya sa ake ƙaunarta. Sai dai kamfanonin taya na ɗaukar ta a matsayin gyaran wucin gadi. Ƙa'idarsu ita ce a raba taya da wili, a duba cikinta ko ta ci kanta lokacin da aka yi tafiya da ita ba iska, a toshe hujin, sannan a manna faci ta ciki. Hujin kada ya wuce milimita 6, kuma ya kasance a fuskar da ke taka ƙasa. Hujin gefe ba a gyara shi, tayar ta gama aiki.

A nan ne rigima take. Mai faci ya ce taya ta mutu, direba ya ce kuɗi yake so ya ci. A ganina direban ne ke yanke irin gyaran da za a yi masa, tunda shi ke tsaye a kan mai facin yana duban agogo, kuma in an ƙi masa akwai wani a gari na gaba. Shi ma yana da uzurinsa: sabuwar taya ta yi tsada, Michelin ya rufe masana'antarsa ta Najeriya a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008. Tayoyin gwanjo, duk da suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su, su ne suka cika kasuwa.

Akwai lambobi huɗu a gefen kowace taya da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na cewa shekara huɗu ne wa'adin taya.

Batun yawan iska ma da gyara. Da yawa ana bugawa ne sai taya ta yi tauri, a ƙwanƙwasa da ƙarfe a saurari sautinta. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35 a geji ga ƙananan motoci, kuma da sassafe ake aunawa, kafin taya ta ɗauki zafin hanya.