Labarin Zane na Bincike da na Kimiyya: Ta Ina Sabon Makaranci Zai Fara?

Manazarta adabi a wajenmu ba su cika kula da labarin zane ba, watau irin labarin da akan jera hotuna bi da bi cikin 'yan akwatuna, a kuma rubuta maganar mutane cikin da'ira kusa da bakinsu. Galibi ana ɗaukarsa abin yara ne ko na raha kurum. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa yana da nasa ƙa'idojin karatu, kuma labaran laifi da bincike da ƙagaggun labaran kimiyya su ne ƙofa mafi sauƙi ga babban mutum wanda bai saba da shi ba.

Abin da sabon makaranci ya kan yi shi ne ya bi rubutu da sauri, ya ɗauki hotuna a matsayin ado. To, wanda ya yi haka rabin labarin ya karanta. Alal misali, a ce akwati na farko ya nuna mace ta ajiye zobe a kan tebur, na biyu kuma ya nuna teburin wayam, ƙofa a buɗe. Mai zane bai zana sata ba. Makaranci ne ya aikata ta a zuciyarsa, a cikin ɗan farin filin da ke tsakanin akwatunan biyu. Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya ɗauki wannan cike gurbi a matsayin ginshiƙin fasahar baki ɗaya. Labarin bincike kuwa dama an gina shi ne a kan abin da aka nuna da abin da aka ɓoye, saboda haka shi ne ya fi tilasta wa ido ya koyi tsayawa.

Ba na jin akwai littafin da ya fi dacewa da wannan darasi kamar Les Bijoux de la Castafiore, ɗaya daga cikin labaran Tintin da Hergé, mutumin Beljiyam, ya fitar a 1963. Labarin duka a gida guda yake da kewayensa. Dutse mai daraja na wata mawaƙiya ya ɓace, zargi ya faɗa kan ma'aikatan gida, sa'an nan ya koma kan wasu 'yan ƙabilar Roma da suka yada zango a kusa, ba don wata hujja ba sai don kasancewarsu baƙi matalauta. Daga baya aka sami dutsen a sheƙar wani tsuntsu dangin hankaka. Abin lura shi ne tsuntsun yana nan a kan reshe tun a akwatin farko na littafin. Hergé bai ɓoye wa kowa komai ba. Ya dogara ne da cewa makaranci zai yi gaggawa. Malamin da ke son koya wa ɗalibai bambancin gani da lura zai yi wuya ya sami misalin da ya fi wannan.

A Amurka labarin laifi ya bi wata hanya dabam. Dick Tracy na Chester Gould ya fara fitowa a jaridu a 1931, The Spirit na Will Eisner kuma a 1940, inda Eisner ya riƙa kammala labari cikin shafi bakwai ko takwas, yana wasa da inuwa da ruwan sama da duhun lunguna. Amma a 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya buga Seduction of the Innocent yana ɗora wa waɗannan littattafai alhakin lalacewar yara, Majalisar Dattijai ta yi zaman sauraron shaida, masu ɗab'i kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa. Dokokinta sun hana a nuna mai laifi ta yadda za a tausaya masa, ko ɗan sanda ta yadda za a rena shi. Labarin laifi ya dushe, jarumai masu tashi sama suka cika kasuwa, kuma sai a 2011 kamfanonin ƙarshe suka daina bin hukumar. Wannan tarihi na daga cikin dalilan da suka sa har yanzu mutane da yawa ke zaton labarin zane bai wuce Superman ba.

Shi labarin kimiyya amfaninsa ga sabon shiga dabam ne. Marubucin zube yana bukatar shafuka kafin ya siffanta birnin da babu shi a duniya. Mai zane kuwa akwati ɗaya ya ishe shi. Hergé ya kai Tintin duniyar wata a littafinsa na 1954, shekara goma sha biyar kafin saukar Apollo 11. Moebius na Faransa ya fitar da Arzach a 1975 ba tare da kalma ko ɗaya ba, wanda ya sa Bahaushe da Bafaranshe suke daidai a gabansa. Amma in ana son bincike da kimiyya a wuri guda, ni Pluto na Naoki Urasawa zan zaɓa, wanda ya fito a Japan daga 2003 zuwa 2009, juzu'i takwas. Wani ne ke hallaka mutum-mutumin inji guda bakwai mafi ƙarfi a duniya ɗaya bayan ɗaya, mai binciken kuwa, Gesicht, yana cikin bakwai ɗin. Littattafan Japan daga dama ake karanta su zuwa hagu, abin da ke rikita Bature amma ba zai dami wanda ya tashi da allo da ajami ba.

Ba kuma za a ce abin baƙo ne ɗungurungum a ƙasar nan ba. Tsakanin 1968 da 1972 mujallar African Film ta kamfanin Drum ta yi tashe a Nijeriya da labaran mai bincike Lance Spearman da abokin gabarsa Rabon Zollo. Hotunan kyamara aka yi amfani da su maimakon zane, amma tsarin akwatuna da maganganu ɗaya ne.

Akwai littafi guda da akan yi garajen miƙa wa sabon makaranci, watau Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons, na 1986 zuwa 1987. Lalle da kisan kai ya buɗe, kuma tsarin akwati tara a shafi yana da saukin bi. Sai dai littafi ne da ke sukar al'adar jarumai masu rufe fuska, wanda bai san al'adar ba kuwa habaicin zai wuce shi. Gara a ajiye shi sai an gama da Hergé da Eisner.