Tsohon Soja da Neman Lafiya a Ƙasar Birnin Gwari

Jinyar tsofaffin sojojin Nijeriya tana ƙarƙashin inshorar lafiya ta kamfanin DHML, kuma babban asibitin soja da ya fi kusa da Magajin Gari shi ne na 44 da ke Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100. Shekaru da dama 'yan bindiga sun addabi wannan hanya, har majinyaci kan gwammace haƙuri da ciwo a kan ratsa dajin.

A shekarar 2024 Hukumar Fanshon Soja ta soma tantance tsofaffin sojoji ta intanet, domin ta rage musu wahalar tafiya, musamman marasa lafiya da mazauna ƙasashen waje. Amma fa tsarin ya dogara ne kacokan a kan layin sadarwa, wanda aka taɓa katsewa a Birnin Gwari a 2021 saboda tsaro.

Ashe ke nan tsohon sojan da ke Ingila yana iya riga na Magajin Gari samun tantancewa. In kuwa tantancewa ta makara, fansho kan tsaya, da shi kuma ake biyan kuɗin mota zuwa asibiti.