Dodon ɗakin karatu: labarin da yaranki ke kallo da abin da yake faɗa mana

Uwargida, idan kina ba yara aron wayarki su kalli katun ko su yi wasan gem, da wuya a ce ba ki taɓa ganinsa ba. Wani ƙaton abu ne mai jikin maciji da fukafukai irin na jemage, ya naɗe a kan tulin littattafai cikin wani tsohon ɗakin karatu, hayaƙi na fita ta hancinsa. Turawa na kiran irinsa diragon. A wasu labaran ba ya bayyana sai dare ya tsala, a ji motsinsa a bayan kantoci, a ji takardu na buɗe kansu. Wanda ya yaga shafi ko ya saci littafi ya gamu da fushinsa, wanda kuma ya zo neman ilimi da ladabi sai ya nuna masa inda amsar take.

Tambayar da iyaye mata suka fi yi ita ce: wannan abin daga ina, kuma ba zai lalata tunanin yaro ba? Amsar farko dai, ƙirƙira ce, kamar Gizo da Ƙoƙi. Amma ƙirƙira ce mai dogon tarihi, kuma sanin tarihin zai sauƙaƙa miki amsa tambayoyin yaranki.

Asalinsa

A tsofaffin labaran Turai, aikin wannan dodo gadin dukiya ne. Cikin waƙar Beowulf ta Ingila, wadda ta haura shekara 1,000, ya shekara 300 kwance a kan zinariya, ba ya ci ba ya bayarwa. Da wani bawa ya ɗauke kofi guda, sai ya fito ya ƙone gari. Marubuci Tolkien ya sake gina irinsa a littafinsa The Hobbit na 1937. To yaya aka yi ya bar zinariya ya koma kan littattafai? Wasa da harshe ya taimaka. A tsohon Turanci, kalma ɗaya ake kiran tsutsa da maciji da wannan dodo da ita. Su kuma Turawa suna kiran ƙwaron da ke cin takarda “tsutsar littafi”, haka ma suke tsokanar mutum mai yawan karatu. Marubutan ƙagaggun labarai suka haɗa biyun, tsutsar littafi ta rikiɗa ta zama dodon littafi.

A nahiyar Asiya kuwa labarin ya fi haka tsufa. Mabiya addinin Buddha suna da almara a kan wani malaminsu na Indiya, Nagarjuna, wanda ya rayu wajen ƙarni na 2 miladiyya. Suna cewa wasu halittu masu siffar maciji, da suke kira naga, sun adana littattafan hikima a fadarsu ta ƙarƙashin teku tsawon ɗaruruwan shekaru, domin mutane ba su kai matsayin fahimtarsu ba. Da malamin da ya cancanta ya zo, sai suka miƙa masa. Ki lura da bambancin: na Turai mai rowa ne, na Asiya kuwa mai riƙon amana ne da ke jiran mai ita.

Mu ma wannan siffa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ki tuna macijin rijiyar Kusugu ta Daura, wanda labari ya ce ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Ga ruwa a rijiya, ga gari cikin ƙishirwa. Duk inda mutane suka ga abu mai amfani an tsare shi an hana su, sai su yi wa mai tsaron siffar dodo.

Lokacin da mai gadi ya wuce gona da iri

Akwai ɗakin karatu na gaske da ya yi kama da wannan almara. A birnin Ningbo na ƙasar Sin, wani babban ma'aikacin gwamnati mai suna Fan Qin ya gina ɗakin Tianyi wajen 1561, ya tara littattafai kimanin 70,000. Tsoron gobara ya sa aka haƙa tafki a gabansa, aka hana shiga da wuta, aka hana fitar da littafi ko ɗaya. Dokokin sun yi aiki, domin ginin yana nan har yau. Amma sai a 1673, bayan fiye da shekara 100, aka bar wani malami da ba ɗan gidan ba ya hau ya duba littattafan. Mutanen garin suna ba da labarin wata yarinya mai son karatu da ta auri ɗan gidan don kawai ta samu shiga, ta tarar an hana mata hawa, har ta rasu ba ta taɓa littafi ɗaya ba.

Wannan ciwon ne marubuciya Carmen Agra Deedy, haifaffiyar Kyuba da ta tashi a Amurka, ta taɓo a littafinta na yara The Library Dragon a 1994. Wata makaranta ta ɗauki dodo aikin kula da ɗakin karatu. Ta tsare littattafai tsaf, ba datti ba yagewa, sai dai yara sun daina zuwa. Rannan wata ƙaramar yarinya ta shigo ta buɗe littafi ta fara karantawa da ƙarfi, yara suka taru suna saurare. Da dodon ta karɓi littafin ta ci gaba da karanta musu, sai ɓawon jikinta ya riƙa zubewa, ta koma mutum.

'Yar'uwa, duba falonki. A gidaje da yawa littattafai na cikin kwabar gilashi tare da kwanukan da ba a taɓawa, mabuɗi yana jakar uwa. “Kar ka taɓa, za ka yaga!” Gaskiya ne littafi ya yi tsada, kuma ba wanda ke son asara. Amma littafin da yaro bai taɓa ba, ga ƙoshi ne ga kwanan yunwa. Ki ware masa guda uku ko huɗu a ƙasa inda hannunsa zai kai. Idan ya yage, ku liƙe shi tare da salatif; a nan ne yake koyon riƙon amana. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa yara littafi tun suna jarirai, domin kalmomin da yaro ke ji a cinyar uwarsa su ne tubalin maganarsa da karatunsa.

Idan labarin ya tsorata shi fa?

Nan ne aikina na jinya ya shigo. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 6 bai gama raba gaskiya da ƙirƙira ba, shi ya sa tsoron duhu da mugun mafarki suka fi yawa a wannan shekarun. Abin da ɗan shekara 10 zai yi wa dariya, ƙaninsa zai kwana da shi.

Ki fara kallon katun ɗin kafin ki ba shi. Labarin baki ya fi hoton waya sauƙi a zuciyar yaro, domin idan ke ce ke bayarwa, kina ganin fuskarsa, kina iya sassautawa. A ajiye waya kamar awa guda kafin barci. Idan ya farka a firgice, kada ki yi masa dariya, kada kuma ki ɗauko tocila ki hau neman dodo ƙarƙashin gado, sai ya ɗauka da gaske akwai abin nema. Ki rungume shi, ki ce masa labari ne wani ya zauna ya rubuta, ku yi addu'ar barci. Da rana ki ba shi takarda ya zana dodon, ya raɗa masa suna, ya sa masa tabarau. Abin da yaro ya zana da hannunsa ba ya cika ba shi tsoro.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki mayar da dodo bulala. “Ka yi shiru ko in kira dodo” yana kawo shiru na minti biyar da tsoro na watanni. Idan kuma firgitar ta zama kusan kullum har makonni, ko yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yi, ko ya ƙi zuwa makaranta, ki kai shi asibiti a duba, wataƙila akwai abin da ke damunsa da ya wuce katun.

Dodannin gaske

Masu cinye littafi a gidajenmu ba su da fukafukan wuta: gara ce, da kyankyasai, da ɓeraye, da laimar damina mai kawo fumfuna. Ƙura da fumfunar tsofaffin takardu na iya tayar wa yaro asma, don haka ki ɗaga littattafai daga ƙasa, kada su jingina da bango mai laima, ki riƙa karkaɗe su a waje. Wani abin da zai burge yaranki: a ɗakin karatun Joanina na Jami'ar Coimbra da na fadar Mafra, duka a Fotugal, ƙananan jemagu ke fitowa da dare suna cinye ƙwarin da ke lalata littattafai, kuma an bar su suna zaune a wurin. A Coimbra har rufe tebura ake yi da fata kowace yamma saboda kashinsu. Ga mai gadin littafi mai fukafukai na gaske, kuma bai taɓa hana kowa karatu ba.

Yau da dare, ki gwada ba su labarin da bakinki. Ki fara da ga ta nan ga ta nanku, ki kawo dodon, ki kawo yarinyar da ta shigo neman littafi, sai ki tsaya ki tambaye su: me za ta ce masa ya buɗe mata ƙofa? Ki rubuto mana amsar da suka ba ki.