Shin Ko Kun San Wa Ya Rubuta Tarihin Hausawan Gabas?

Shin ko kun san cewa ɗaya daga cikin littattafan da suka fi bin diddigin zuwan Hausawa ƙasar Ibo, 'yar ƙasar ce ta rubuta shi? Ita ce Farfesa Egodi Uchendu, malamar tarihi a jami'ar Nsukka. Littafin nata, Dawn for Islam in Eastern Nigeria, ya fito a 2011. Ta zauna da dattawan Hausawa da Musulmin Ibo ta ɗebi labari daga bakinsu, ta gwada shi da takardun zamanin Turawa. Aiki ne na haƙuri, ya kamata duk mai sana'a a Gabas ya san da shi.

Shin ko kun san maharba giwa na cikin Hausawan farko da suka yi zango a yankin? Tun wajen shekarun 1890 suka zauna a Elele, cikin jihar Ribas ta yau, suna neman hauren giwa. Manoma kuwa suka yi maraba da su, don giwaye na yi musu ɓarna a gona. A lokacin ko harsashin Fatakwal ba a aza ba. Sai da aka gano kwal a Udi a 1909 aka kafa garin, jirgin ƙasa ya haɗa shi da Inugu a 1916.

Shin ko kun san sunan Head Bridge, wato unguwar bakin gadar Neja a Anacha, bai kai zaman Hausawa a garin shekaru ba? A Disambar 1965 aka kammala gadar. Kafin nan, mutum da kayansa sai jirgin fito ya ƙetare da su daga Asaba. Gadar ba ta daɗe ba yaƙin basasa ya karya ta, aka gyara bayan yaƙin. Dattawan da suka ga fiton nan da idonsu sun ragu ƙwarai, kuma abin da ke kansu babu shi a takardar kowa. Wannan kam yana damuna. A Ingila kuwa, tun 1899 suka fara rubuta tarihin kowace gunduma, ƙauye bayan ƙauye, da sunan Victoria County History, har yau ba su ajiye alƙalami ba.

Shin ko kun san magajin garin Inugu na farko mutumin Sakkwato ne? Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu, ɗan jam'iyyar NCNC, ya riƙe kujerar a shekarun 1950.

A Enohia ta Afikpo kuwa, ɗan gari ne ya kawo Musulunci: Shehu Ibrahim Nwagui, almajirin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya koma gida da da'awa a ƙarshen shekarun 1950.