Ɓeran Bincike Da Masu Gadin Ƙwaƙwalwa

Da wuya a sami unguwar da ba ta da tsoho ko tsohuwa wadda hankalinta ya fara gushewa, ta manta sunan jikokinta, ko ta fita da dare ta kasa gane hanyar gida. Sau da yawa irin waɗannan iyaye namu akan ɗora masu sharrin maita, alhali kuwa ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ne. Abin mamaki, wani ɓangare na neman maganin wannan ciwo yana farawa ne daga kan ɓera.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira maikurogiliya, watau masu gadin ƙwaƙwalwa. Wani masani ɗan ƙasar Sifen, Pio del Rio Hortega, shi ne ya bayyana su a shekarar 1919. Aikinsu shi ne share matattun ƙwayoyi, da yaƙar cuta, da datse mahaɗan jijiyoyin da ba a bukata. A 2005 masana sun leƙa ƙwaƙwalwar ɓera mai rai, suka ga waɗannan ƙwayoyi ba sa hutawa, kullum suna miƙa rassansu suna lalube kamar maigadi mai zagaya gida da fitila. A 2013 kuma aka buga binciken da ya nuna cewa canji a wata ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda masu gadin ke aiki da ita, yana ƙara haɗarin cutar Alzaima. Har ila yau ƙwayar cutar ƙanjamau tana iya ɓuya a cikinsu.

To, domin a san halinsu, sai an ware su daga sauran ƙwaƙwalwa. Tun shekarun 1980 an saba samo su daga jariran ɓeraye, domin ƙwaƙwalwar jariri tana da taushi, ƙwayoyinta kuma suna yaɗuwa cikin faranti ba wuya. Amma cutar mantuwa ta tsufa ce, masu gadin jariri kuwa halinsu daban ne da na babba. Shi ya sa masana suka koma kan ɓeran da ya girma, mai wata 2 ko 3, wani lokaci ma tsoho mai kusan shekara 2, wanda a rayuwar ɓera ya kai dattijo.

Ga yadda aikin ke tafiya. Da farko akan ba ɓeran maganin barci mai ƙarfi yadda ba zai ji komai ba. Sa'an nan a tura ruwan gishiri mai sanyi ta zuciyarsa har jini ya wanke daga jijiyoyi, domin jini ma yana da nasa sojojin, in aka bar su za su cuɗanya da waɗanda ake nema. A nan ran ɓeran yake ƙarewa. Daga nan a ciro ƙwaƙwalwar, wadda nauyinta bai kai rabin giram ba, a yayyanka ta a kan ƙanƙara.

Sai a raba ƙwayoyin da juna. Wasu sukan yi amfani da wani sinadari da ake samu daga ƙaron gwanda, irin ƙarfin da ke sa nama ya yi laushi idan an naɗe shi da ganyen gwanda. Wasu kuma sukan murje ta a hankali cikin ɗan turmin gilashi, sa'an nan a tace da rariya mai ƙananan idanu ƙwarai.

Babbar wahalar ƙwaƙwalwar babban ɓera ita ce farin kitsen da ke lulluɓe jijiyoyi. Don a rabu da shi, akan zuba abin da aka tace cikin wani ruwa mai kauri da ake kira Percoll, a sa cikin injin da ke juyawa da gudu. Kamar yadda mai yake tasowa idan an kaɗa nono, haka kitsen yake tasowa sama a kwashe shi, ƙwayoyin su kwanta ƙasa da shi. A ƙarshe akan zuba wasu 'yan mitsi-mitsin ƙarafa masu manne wa wata alama da ke jikin masu gadin, mai suna CD11b, sai mayen ƙarfe ya janyo su, sauran su wuce. Bayan aikin sa'o'i, abin da akan samu daga ɓera ɗaya dubbai ɗari kaɗan ne, wanda ido da ƙyar yake ganinsa a gindin kwalba.

Sai dai fa maigadi ba ya jin motsi ya zauna shiru. Da zarar an taɓa ƙwaƙwalwa, waɗannan ƙwayoyi sukan ɗauka hari ne, su canja hali. Bincike na 2017 ya nuna cewa cikin 'yan sa'o'i a faranti sukan rasa yawancin kamanninsu na asali, wani na 2022 kuma ya nuna narkar da su da ɗumi yana tada masu hankali. Saboda haka masu bincike da yawa yanzu sun fi son aiki cikin sanyi da hanzari, don kada su ɗauki firgicin da su da kansu suka jawo a matsayin alamar cuta.

Wani zai tambaya, shin daidai ne a kashe dabba don neman ilimi? Tambaya ce mai nauyi. A 1959 masana biyu a Ingila, Russell da Burch, sun kafa ƙa'idoji 3: a nemi wata hanya in akwai, a rage yawan dabbobin, a kuma rage masu wahala. A manyan cibiyoyin bincike sai kwamiti ya amince kafin a taɓa ɓera ko ɗaya. Tun wajen 2016 an kuma iya ƙirƙiro irin waɗannan ƙwayoyi daga ƙwayoyin fata ko jinin mutum, gama ɓera ba mutum ba ne, magunguna da yawa sun yi aiki a jikinsa amma suka kasa a asibiti.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzaima ba. Kafin a samu, 'yan'uwa, abin da ke hannunmu shi ne mu kai tsofaffinmu wurin likita idan mantuwa ta yi yawa, domin wasu musabbabanta, kamar rashin wasu sinadaran abinci, suna da magani. Mu kuma tsare su daga bakin masu jifa da kalmar maita, mu riƙa ziyartar iyalan da ke jinyarsu.