Reshen da Ya Ƙi Yin Tsawo

Birnin Zariya gari ne na manyan itatuwa. Rimi ne ya raɗa wa wasu unguwanninsa suna, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko, kuma har gobe mai shigowa ta Ƙofar Doka ko ta Ƙofar Gayan zai hangi kan mangwaro da tsamiya da darbejiya sun ɗara rufin gidaje. Sai dai gidajen da aka dasa waɗannan itatuwa dominsu ba su ne gidajen yau ba. An raba gado, an sake rabawa, filin tsakar gida ya koma ɗakuna, wayar lantarki ta ratsa ta sama. Mangwaron da kaka ya dasa, yanzu saiwarsa na tsaga gini, reshensa na barazana ga kwanon maƙwabci, ƙarshenta a kira mai injin yanka. Ba kasafai ake dasa wani a gurbinsa ba, don kowa ya san abin da zai zama nan da shekara ashirin. Abin da gidan cikin ganuwa ke bukata shi ne bishiyar da za ta tsaya daidai wurin da aka ba ta, kuma akwai wata sana'a a ƙasashen sanyi da ta daɗe tana samar da irin wannan.

A dazukan Turai da Amurka, inda itatuwan fayin da danginsu masu ganyen allura suka fi yawa, akan ga bishiya lafiyayya mai tsawon mita talatin, amma can sama wani reshe guda ya cure wuri ɗaya kamar sheƙar babban tsuntsu. Gaɓoɓinsa gajeru, ganyensa ƙanana, tohonsa ya yi yawa har haske ba ya ratsa shi. Mutanen da can sun ɗora alhakin abin a kan mayu, shi ya sa ake kiransa tsintsiyar mayu. Masana tsirrai sun gano cewa dalilansa sun kasu. Wani lokaci cuta ce, ko ta fumfuna ko ta wasu ƙwayoyin da ƙwari ke yaɗawa, wani lokaci kuma wani tsiro ne ya kafu a jikin reshen yana tsotsonsa. Amma akwai wanda babu cuta a cikinsa ko kaɗan. Ido guda ne na reshen, wato inda toho ke fitowa, ƙwayoyin halittarsa suka sauya, sai duk abin da ya tsiro daga wannan ido ya gaji gajarta.

Wannan na ƙarshen shi masu lambu ke farauta. Idan aka yanko ɗan reshe daga cikinsa aka aura shi a kan gindin ƙaramar bishiya irinsa, sai ya ci gaba da girma da halinsa na gajarta, a sami wadan bishiya mai cikakkiyar lafiya. A Ireland ta Arewa akwai wata da aka samo wajen 1780, wadda Lord Clanbrassil ya dasa a Tollymore, kuma ana kiranta da sunansa har yau. A garin Boskoop na ƙasar Holan aka fitar da wadannin itatuwan da ake kira Mops da Little Gem, waɗanda yanzu ake sayarwa a cikin tukwane a ƙasashe da dama. Ita Little Gem ɗin ma daga jikin wata wadan bishiya aka yanko ta, gajarta a kan gajarta. Ƙungiyar masu sha'awar irin waɗannan itatuwa ta Amurka tana da ma'auni: wadda ke ƙara santimita 2.5 zuwa 15 a shekara ita ce wada, wadda ba ta kai 2.5 ba kuwa ajinta daban. Wani malami a Jami'ar Connecticut, Sidney Waxman, wanda ya rasu a 2005, ya ƙarar da shekarun aikinsa a kan wannan. Idan curin ya yi nisan da ba a iya hawa, da bindiga yake harbo 'ya'yansa. Da ya shuka irin, sai ya ga kusan rabi ne suka fito wadanni, sauran suka koma dogaye. Iri dai caca ne. Wanda ke son ainihin abin da ya gani a kan bishiya, aure ne kaɗai zai ba shi.

Fayin ba itacen Zariya ba ne. Cibiyar binciken gandun daji ta yankin sabana da aka buɗe a Samaru a 1964 ta gwada wasu nau'o'insa na ƙasashen zafi, musamman a Afaka kusa da Kaduna, amma don katako aka yi, ba don adon gida ba. Abin da ya shafe mu shi ne dabarar, kuma hannun da ke yin ta muna da shi. Duk mai sayen mangwaro ya san bambancin ɗan aure da mai zare. Masu rainon dashe a bakin kogunan Kubanni da Galma, da ɗaliban da suka bi ta makarantun aikin gona na Samaru, sun san yadda ake yi.

Ga yadda hannun gwani ke tafiya. Zai raini ƙwallon mangwaron gida a baƙar leda har kaurin tsiron ya kai na fensir. Kwana bakwai zuwa goma kafin ranar, zai je ga bishiyar da yake so ya tsinke ganyen reshen da ya zaɓa, ya bar shi a jikinta don idanunsa su kumbura. Ranar aiki ya yanko shi, tsawon santimita 10 zuwa 15, ya feƙe gindinsa ta gefe biyu da sabuwar reza, kowane gefe da ja ɗaya, ba gurzawa. Ya datse kan tsiron da ke leda, ya tsaga shi ta tsakiya, ya cusa reshen. Asirin duka yana ga wani siririn ɗanyen sashe da ke tsakanin ɓawo da itace. Idan na reshen bai haɗu da na gindin ba, ko da ta gefe ɗaya, an yi aikin banza komai kyan ɗauri. Sai ya naɗe da yankakkiyar leda tamau don kada ruwa ko iska su shiga, ya ajiye a inuwa. Cikin mako biyu zuwa huɗu, in an dace, toho zai ɓullo. Duk abin da ya tsiro ƙasa da mahaɗar kuwa a cire shi, domin na gindin ne, in aka bar shi zai cinye baƙon. Masu fayin ba su datse kan gindin tun farko. A gefe suke manna reshen, a ƙarshen hunturu, cikin ɗakin gilashi, sannan su riƙa rage kan gindin kaɗan-kaɗan har baƙon ya tsaya da ƙafarsa. Ban da wannan, ka'idar ɗaya ce.

A ganina, inda muka gaza shi ne muna amfani da wannan gwaninta wajen kwafar abin da aka kawo mana kawai. Mangwaron Julie da na Peter daga waje suka zo. Ba a cika jin wanda ya tsaya yana duban rassan tsofaffin itatuwan gari don neman wanda ya fita daban ba, alhali sauyin ido guda ba a fayin kaɗai yake faruwa ba. Lemon zaƙi marar ƙwallo da ake kira Washington navel reshe ɗaya ne da ya sauya a Bahia ta ƙasar Brazil. An kai shi Washington a 1870, ya isa Riverside ta California a 1873, kuma tunda ba ya iri, duk inda aka gan shi a duniya ta hanyar aure ya je.

To amma a yi hattara, domin yawancin curin da za a gani a itatuwanmu ba abin arziki ba ne. Mafi sauƙin ganewa shi ne kauci. Shi tsiro ne mai zaman kansa da tsuntsaye ke manna irinsa a reshe, ganyensa daban da na bishiyar, furensa ja. Masu magani sun san shi, mai aure ba shi da aiki da shi. Mai haɗarin shi ne cuta. Manomin ƙasar Zazzau ya san gyaɗar da ta tsuke ta cure ta ƙi 'ya'ya, annobar da ƙwarin darɓa suka yaɗa a 1975 ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa, wadda ta sa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru duƙufa wajen fitar da iri mai jurewa. Mangwaro ma yana da tasa. Wata fumfuna ce ke sa toho da fure su dunƙule, furen ya bushe ba tare da ya ƙulla ba. A Darbhanga ta Indiya aka fara bayyana ta a 1891, kuma an same ta a Masar da Sudan da Senigal. A Oman, tun daga shekarun 1970, wata cuta mai wannan kama ta hallaka lemon tsami mai yawan gaske, ta tsallaka zuwa Iran. Waɗannan biyun na ƙarshe suna bin reshen aure. Wanda ya yanko mai cuta ya aura, da hannunsa ya raba ta ga jama'a.

Ana bambancewa da ido da kuma haƙuri. Curin da ya fito daga sauyin halitta yakan zama guda ɗaya tak a bishiya, ganyensa kore shar duk da ƙanƙantarsa, kuma shekara da shekaru yana nan bai mutu ba bai yaɗu ba. Na cuta yakan yi yawa, ganye ya yi rawaya ko ya murɗe, rassa su riƙa bushewa, maƙwabtan bishiyar su ma su kamu. Wanda ya ga irin na farko, ya ɗauki hotonsa da waya, ya kai samfurin wa masana cututtukan tsirrai a Samaru kafin ya sa masa reza. In sun ce babu cuta, ya aura biyar ko goma, ya ware su nesa da sauran dashensa, ya goge rezar da sifirit tsakanin yanka da yanka, ya rubuta ranar da bishiyar da ya samo shi. Sannan ya jira shekara uku ko huɗu kafin ya sayar wa kowa, domin wani yakan koma tsawonsa na asali da zarar ya sami gindi mai ƙarfi, wani kuma ya tsaya gajere amma ya ƙi yin 'ya'ya.